Ƙararrawa ta yi ƙara, to wa ya fito?

1/ Jama'a, ku ɗan ba ni aron hankalinku. Kwanan nan tallar kwaɗo mai ƙara da makullin ƙofa mai jiniya ta cika mana waya. Bidiyon iri ɗaya ne: a taɓa ƙofa, abu ya fasa ihu, mai talla ya ce "daga yau ka yi barcinka har da minshari." A Zamfara ake faɗa mana haka fa. Zaren da tsawo, ku gyara zama. 🧵

2/ Tun farko in faɗa, ni ba na gaba da na'urar. Akwai ta a ƙofar shagon yayana a Gusau, ni ma na matsa masa ya saya. Rigimata da ƙaryar da ake naɗo ta a ciki ce, da mu kanmu da muke saye don mu kauce wa tambayar da ta fi ciwo: in ta yi ƙarar, wa zai zo?

3/ Bari mu buɗe cikinta tukuna, don da yawanmu muna biyan kuɗi ba mu san me muka ɗauko ba. Iri uku suka fi yawo.

Na farko, kwaɗo mai ƙara. A cikinsa akwai ɗan abin da ke jin girgiza, da ƙananan batura irin na agogo. Ka buge shi ya yi gargaɗi gajere, ka sake ya saki jiniya na ɗan lokaci ya yi shiru.

4/ Na biyu, mai ɓari biyu. Ɓari ɗaya maganaɗisu ne a jikin ƙyaure, ɗayan ɗan makunni ne a gefen da ƙyauren ke rufuwa. Muddin suna kusa da juna, shiru. Da an buɗe ƙofa sun rabu, jiniya ta tashi. Ba wani siddabaru a ciki. Ɗalibin lantarki a kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda zai haɗa maka irinta a kan tebur.

5/ Na uku, mai layin waya ko mai intanet. Ita bayan ihu tana kiran lambarka ko ta turo maka saƙo cewa an taɓa ƙofa. Ita ce mai tsada, ita ce kuma ake yi wa bidiyo da kiɗa a ƙarƙashi.

6/ Ku lura da abu ɗaya. A duka ukun babu wadda ke riƙe ƙofa. Kaurin ƙarfe da aikin mai walda da sakata su ke riƙe ƙofa. Babu wadda ke kama hannun ɓarawo. Aikinta guda ne: ta yi shela. Mai shela kuwa in ya kewaye gari babu wanda ya leƙo, maƙogwaronsa kawai ya wahalar.

7/ Waɗanda suka ƙirƙiro abin ma tun da wuri suka gane haka. A 1853 wani mai suna Augustus Pope, a kusa da birnin Boston na Amurka, ya yi rajistar ƙararrawar lantarki ta ƙofa da taga. Batir, waya, ƙararrawa. Ka buɗe ƙofa ta kaɗa. Kusan dabarar da ake sayar mana yau a cikin kwali mai ƙyalli.

8/ A 1857 wani ɗan kasuwa, Edwin Holmes, ya sayi haƙƙin ƙirƙirar, a 1859 ya koma da kasuwancin New York. Abin da ya ɗaukaka kamfaninsa daga baya shi ne jan waya daga gidaje da shaguna zuwa ofishi guda, inda mutum ke zaune ido biyu, da masu gadi da ake turawa da zarar wani layi ya motsa.

9/ Har a 1877 ɗansa ya yi amfani da waɗannan wayoyin a Boston: da rana tarho, da dare ƙararrawar ɓarayi. Ma'ana, shekara kusan 150 ke nan da masu abin suka san cewa darajarsa tana wajen wanda ke zaune a ɗaya bakin wayar. Mu an kawo mana bakin da ke ihu, an bar mai amsawa a can.

10/ To ga abin da ya faru da mu. Yayana yana da shagon kayan masarufi a wata unguwa cikin Gusau. An taɓa fasa na kusa da shi, hankalinsa ya tashi. Na ce, "Yaya, ai yanzu zamani ya zo da sauƙi." Na nuna masa bidiyo. Ya sayi kwaɗo mai ƙara guda biyu, muka maƙala, muka gwada, yaran layi suka taru suna tafi.

11/ Lokacin hunturu ne. A daren farko da ya yi ƙara, wajen ƙarfe biyu, iska ce ta jijjiga ƙofar. Mutum biyar suka fito da tocila da sanduna. Aka duba ba kowa, aka yi dariya, aka koma. Da safe Yaya har alfahari yake: "Ka ga aiki ko?"

12/ Karo na biyu akuya ce ta zo susa a jikin ƙofar. Mutum biyu suka leƙo. Karo na uku har yau ba mu san mene ne ba, kuma babu wanda ya fito. Da safe wani maƙwabci ya zo cikin ladabi ya ce, "Alhaji, don Allah a duba wanga abu, ɗiyana ba su barci."

13/ Sai daren gaskiya ya zo. Aka sa ƙarfe aka ɓalle kwaɗon, yana ihu ana ɓallewa. Aka kwashe katan-katan na madara, buhunan sukari, na'urar POS, da 'yan kuɗin da ke aljihun tebur. A tsanake aka yi aikin. Har ƙofar suka ja suka rufe da za su tafi.

14/ Da gari ya waye na tafi da zafina wajen dattijon da ke gadin layin. Na ce, "Baba, ba ka ji ba ne?" Ya ce, "Na jiya, yaro. Har cikin raina na jiya. Amma ni ban hita ba. In ɓarawo na, Allah shi isam ma Alhaji. In ko mutanen daji na, mi sandag ga za ta yi musu?"

15/ Wallahi bakina ya mutu. Sanda da tocila gare shi. Kuma a ranar na ji cewa masu shagunan layin sun yi wata biyu ba su haɗa masa ɗan abin da suke ba shi ba. Mun sami kuɗin kwaɗo mai batir, mun rasa na mutum mai rai.

16/ Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ji. Wani ya ce tattara iyalinsa ya yi a ɗaki ɗaya ya kashe fitila. Wata baiwar Allah ta ce wayoyin gidan duk ta kashe musu ƙara, ta toshe bakin jaririnta da mama. Babu rago a cikinsu. Mutane ne da suka san abin da ƙarar dare ke iya nufi a jihar nan.

17/ Nan ne gizo ke saƙar, kuma shi ne mai talla ba zai taɓa faɗa maka ba. A da in aka yi ihun "ɓarawo!" unguwa fitowa take, mai taɓarya da mai gora. Yanzu in aka ji ƙara tsakar dare, kowa ƙara danna sakata yake. Ƙaramin ɓarawo ya gane haka sarai. Yana cin albarkacin tsoron da babba ya shuka.

18/ Don haka mu raba zancen gida biyu, domin masu talla da gangan suke cakuɗa shi. Akwai ɓarawon dare: mai tsoron haske, mai tsoron a gane fuskarsa, mai son ya gama cikin minti biyar. Akwai kuma masu zuwa a kan babura da bindiga, waɗanda su da kansu suke sanar da isowarsu da harbi.

19/ Na farkon, ƙararrawa tana iya firgita shi, musamman in yana zaton za a fito. Wannan gaskiya ce, ban hana ta ba. Na biyun fa? Mutumin da ya shigo gari yana harbi sama, kana ganin ƙarar batirin agogo ce za ta kore shi?

20/ Mu tuna abin da muka gani da idonmu. Ranar 22 ga Satumba 2023, a Sabon Gida cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, aka kutsa gidajen kwanan ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau na wajen makaranta, aka tafi da fiye da 20, yawancinsu mata. Garin ya ji. Rashin ƙara bai kasance matsalar daren nan ba.

21/ A Afrilun 2022, a Tsafe, daga gidan da suke haya aka ɗauki 'yan mata ɗaliban kwalejin kiwon lafiya. A Fabrairun 2021, a Jangeɓe, ɗalibai 279 aka kora cikin daji a dare ɗaya. Wane kwaɗo za ka kai wa iyayen yaran nan ka ce da sun saya da ba a yi ba?

22/ A Afrilun 2023 kuma, a Wanzamai ta ƙasar Tsafe, mata da yara aka kwashe a bayan gari sun je itace da sharar gona, mutanen garin suka ce sun haura 80. Can babu ƙofa ma balle makulli. Manomin Bunguɗu a gona ake tare shi, direban hanyar Funtuwa a kan kwalta.

23/ Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an ɗauko hoton mutane da rawani da bindiga an manna a tallar kwaɗo. Wannan cinikin tsoro ne. Ka sayar da abinka a kan abin da yake iyawa: yana iya razana mai satar janareto. Kada ka ci kuɗin bazawara da alƙawarin da gwamnati ma ba ta cika ba.

24/ Akwai ma abin da ya fi wannan. A daren da masu bindiga suka shigo layi, gidan da ya yi tsit yana da damar a wuce shi. Gidan da jiniya ke tashi ya nuna kansa, ya kuma nuna cewa mai shi yana da abin da yake tsaro. Kafin ka maƙala ta a ƙofar ɗakin matarka a unguwannin bakin gari irin su Damba da Mareri, yi wannan lissafin.

25/ Sai batun ƙarfin ƙarar. A kwali za ka ga an rubuta desibel 110. A bakin na'urar ake nufi. A fili, duk sanda nisa ya ninka, ƙara na raguwa da kusan desibel 6. A mita 60 da 'yan kai ta dawo wajen 74, kamar hayaniyar titi. Ƙara mata katanga, da rufaffiyar taga, da janareton maƙwabci, da barcin wanda ya wuni a rana.

26/ In shagonka na kasuwa, kai kana kwana a Tudun Wada ko Samaru, wa kake sa ran zai ji? Kuma ƙofa kaɗai take gadi. Masu shago sun sani, sau nawa ake shiga ta kwano a fasa silin, ko a huda bango ta baya, a bar maka kwaɗonka lafiya lau yana jiran a taɓa shi.

27/ Sai wuta. Mai aiki da wutar gida dole ta dogara da batirin ajiya, shi kuma zafinmu na bazara cinye shi yake. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun haura mako cikin duhu, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna da faɗuwar ɗaya layin da ke kawo wuta. Cajin waya ma sai da layi. Wa ya tuna da batirin ƙofa?

28/ Mai layin waya kuma, 'yan Zamfara ba sai an ba mu labari ba. A farkon Satumban 2021 hukumar NCC ta sa aka rufe sabis a jihar baki ɗaya. A Gusau sai da aka yi kusan wata guda, wasu ƙananan hukumomin suka doshi wata uku. Duk na'urar da ke jiran sabis a lokacin ta koma adon bango.

29/ Ko da sabis ɗin ma, a ce saƙo ya shigo ƙarfe 2:40 na dare: an buɗe ƙofar shago. To sai me? Za ka hau babur kai kaɗai ka ratsa gari? Wa za ka kira? Tsakani da Allah, mutum nawa a cikin masu karanta wannan suke da lambar ofishin 'yan sandan unguwarsu a waya? Lambar mai unguwa fa?

30/ Batun akuyar Yaya kuwa ba mu kaɗai ba ne. A Amurka, inda ake da wuta da sabis da motocin sintiri, fiye da kashi 90 cikin 100 na kiran ƙararrawar ɓarayi da ke isa ga 'yan sanda na banza ne. Har birnin Salt Lake City ya yanke a shekarar 2000 cewa ba za su fita ba sai wani ya gani da ido ya tabbatar.

31/ Wato ko a can, ƙarar da ta cika yin ƙarya daina sauraronta ake. Kowane ihun banza yana cin wani abu daga haƙurin maƙwabcinka, kuma haƙurin nan shi ne ainihin abin da ka dogara da shi. Mu namu ya ƙare a dare uku.

32/ Ga wani abin da matasa ya kamata mu ji. Kun san kalmar da ta fi "ɗan bindiga" ban tsoro a jihar nan: infoma. Da ɗan gari akan ci gari. To wanda ya zo ya haɗa maka na'ura ya ga ɗakunanka, ya san ƙofar da ba a sa wa ba, ya san inda batir yake. Wataƙila manhajar ma da wayarsa ya buɗe ta.

33/ Ban ce masu haɗawa ɓarayi ba ne. Yawancinsu samari ne masu neman halak, Allah ya yi wa sana'arsu albarka. Cewa na yi ka san wanda za ka shigar gidanka, ka canza lambar sirri bayan ya tafi. Kuma don Allah a daina ɗora bidiyon "sabon tsaron gidanmu" a TikTok. Taswira kake rabawa kyauta.

34/ Kada mu manta da gobara. Gidajenmu sun zama keji: ƙarafa a taga, ƙofar ƙarfe, kwaɗo biyu, yanzu ga makulli mai lantarki. Tambayi mai sayarwa: in wuta ta ɗauke ko batir ya mutu, a buɗe yake tsayawa ko a kulle? Yaro ɗan shekara goma zai iya buɗewa daga ciki, cikin hayaƙi, babu makulli a hannu? In ya fara kame-kame, ajiye masa kayansa.

35/ Na san za a ce, "to malam, mu zauna haka?" A'a. Wani ma zai ce ko banza ta fi babu. Na yarda, da sharaɗi: ta fi babu in ka san iyakarta. In kuwa ta sa ka sallami mai gadi, ka daina gaisawa da maƙwabci, ka kwanta da minshari kamar yadda aka yi maka alƙawari, to an sayar da kare an sayi biri.

36/ Kakanninmu ma suna da ƙararrawa ai. Gwangwani da tsakuwa a bayan ƙyaure. Kare a zaure. Zabi, da ba sa ganin baƙon motsi su yi shiru. Ganga da kuge in abu ya taso wa gari. Duk suna aiki ne saboda a bayansu akwai yarjejeniya: in ka ji, ka fito, gobe kai ma za a fito maka.

37/ Yarjejeniyar nan ce ta karye, kuma laifin bai tsaya kan talaka ba. Mutum ba zai fito da gora gaban AK-47 ba, bai kamata ma a nemi ya fito ba. Wannan aikin hukuma ne, shi ya sa ake da ita. Amma a Yunin 2022 gwamnatin jihar nan da bakinta ta ce mutane su nemi izinin mallakar bindiga su kare kansu.

38/ Tun daga nan tsaro ya koma kayan sayarwa ɗai-ɗai, kowa ya sayi daidai aljihunsa. Mai kuɗi ya ɗaga katanga ya sa waya mai wuta. Mai matsakaici ya sayi kwaɗo mai ƙara. Wanda ba shi da ko ɗaya ya kwana a daji ko a tasha, ya dawo gida da safe. Haka ake so mu saba, mu ɗauka daidai ne.

39/ A Janairun 2024 an ƙaddamar da Askarawan Zamfara, mutum fiye da 2,600, ga 'yan sanda, ga sojoji, ga sibil difens. Tambayar ɗan unguwa mai sauƙi ce: wace lamba zan kira ƙarfe biyun dare a ɗauka? Minti nawa kafin a iso? Wannan ya kamata mu riƙa yi wa kansila da ɗan majalisa, a fili, da sunansu, har su gaji.

40/ Kafin nan, ga abin da layinmu ya koma yi bayan asarar Yaya, ko wani zai ɗauka:

Ɗaya, aka zauna da mai unguwa aka rubuta lambar kowane gida a takarda, aka raba. A takarda fa, saboda waya na mutuwa.

Biyu, aka biya Baba bashinsa, aka ƙara masa abokin aiki. Mutum biyu sun fi ƙarfin zuciya.

41/ Uku, aka sayi usur, kowane gida ɗaya, aka yi alama biyu. Busa gajere-gajere: ɓarawo ne, an gan shi da ido, a kunna fitilu a fito tare. Busa dogo guda: masu bindiga ne, kada kowa ya fito, a kashe haske, a yi ta kiran hukuma. Usur ba ya son caji, ba ya jiran sabis, akuya kuma ba ta iya busa shi.

42/ Wannan bambancewar ita ce abin da kwaɗon Yaya ya kasa. Shi ihu ɗaya ya iya, ko iska ce, ko akuya, ko ɓarawo, ko mutanen daji. Mai ji a cikin ɗaki dole ya ɗauki mafi muni. Sai idon mutum ya gani sannan ihu ke zama labari.

43/ Huɗu, maimakon kowa ya sayi ƙaramar jiniyarsa, aka yi karo-karo aka sa fitilun sola a bakin layi da ƙarshensa. Ɓarawon dare ya fi tsoron a gane shi a kan a ji shi. Biyar, kwaɗon yana nan, amma ya koma ƙofar ciki inda iska da dabba ba sa kaiwa, kuma duk farkon wata ana gwada batirinsa.

44/ Sai gargaɗi na ƙarshe, kuma shi ya fi nauyi. In ƙarar ta yi aiki, aka fito, aka kama mutum, a miƙa shi ga hukuma da ransa da lafiyarsa. Mun ga abin da ihu ke haifarwa in hankali ya gushe. A Maris 2025, a Uromi ta jihar Edo, mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa gida taron jama'a ya kashe.

45/ Mun yi kuka a kan Uromi, kuma daidai ne. To kada mu yi irinsa a layinmu ga almajirin da ya jingina da ƙofa don sanyi, ko baƙon da ya ɓata hanya, ko wani don kamanninsa da harshensa. Mu a Zamfara mun san inda hukuncin kan titi da ramuwar gayya suka kai mu. Na'ura ba ta san mai laifi ba, girgiza kawai ta ji.

46/ Ga masu sayarwa, ni ba maƙiyinku ba ne, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ku rubuta gaskiya: tana razana ƙaramin ɓarawo, tana son batir, tana iya tashi a banza, ba ta maganin mai bindiga. Za ku yi ciniki a haka ma. Ku cire hoton 'yan bindiga daga tallarku.

47/ Ga mai niyyar saye, kafin ka tura kuɗi yi abu ɗaya. Fita ƙofar gidanku, ƙirga gida biyar dama, biyar hagu. Nawa ka san sunan mai gidan? Nawa kake da lambarsu? Nawa ne in sun ji ihu daga gidanku za su san muryar wa ce? In amsar ta ba ka kunya, fara daga nan. Sallama ba ta cin data.

48/ Ku faɗa min a ƙasa, musamman 'yan Tsafe da Bunguɗu da unguwannin bakin Gusau: a layinku in aka ji ƙara da dare, fitowa ake ko ɓuya? Wace dabara kuka yi da ta yi aiki? Kada dai kowa ya rubuta sunan layinsu ko ya sa hoton gida.

Allah ya dawo da waɗanda ke hannu, ya ji ƙan waɗanda muka rasa, ya ba mu dare mai lafiya. Amin.